Goggon Scout Ta Fi Bob Ewell Ba Ni Tsoro

Ranar Asabar na leƙa gidan ƙanwata, na tarar da 'yarta zaune kan tabarma a tsakar gida tana rera wani abu da Turanci kamar mai tilawar allo. Shirin jarrabawar WAEC take yi, kuma cikin littattafan adabin da aka ɗora musu akwai To Kill a Mockingbird na Harper Lee. Sai dai ba littafin ne a hannunta ba. Wani ɗan siririn littafin taƙaitawa ne, irin wanda ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta.

Na ce, "Ke, me labarin ya ƙunsa?"

Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Kawu, jigonsa wariyar launin fata mugun abu ne. Atticus shi ne gwarzo, Bob Ewell shi ne mugu."

"To Goggo Alexandra fa?"

Ta buɗe ɗan littafin, ta bi da yatsa, ta ce layi biyu kawai aka rubuta a kanta.

Abin ya tsaya mini a rai har na dawo gida. Amsar yarinyar ba ƙarya ba ce, kuma mai yiwuwa ta ci maki da ita. Amma an ɗauki littafin da zai iya sa yaro ya kasa barci, an mayar da shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Ga matsayina tun da wuri. Ina goyon bayan yaranmu su karanta littafin nan, su karanta shi duka, daga bango zuwa bango. Kuma ina ganin wanda ya karanta shi ya fito da sunan Atticus da Bob Ewell kaɗai, ya tsallake wurin da naman yake. Abin da Harper Lee ta fi gwanancewa wajen nunawa shi ne yadda yaro ke koyon raina mutane daga bakin mutanen kirki, waɗanda ke ba shi abinci, suke koya masa karatu, suke kai shi wurin ibada.

Labarin a taƙaice

Littafin ya fito a 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961. Labarin kuwa na shekarun 1933 zuwa 1935 ne, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, a wani ƙagaggen gari mai suna Maycomb a jihar Alabama. Mai ba da labarin yarinya ce, Scout, 'yar shekara shida a farko. Tana da wa, Jem. Uwarsu ta rasu. Ubansu Atticus Finch lauya ne, kuma alƙali ya naɗa shi ya kare wani baƙar fata, Tom Robinson, da ake zargi da yi wa wata farar fata, Mayella Ewell, fyaɗe.

Hujja a fili take. Ba a kira likita ya duba ta ba. Raunin da ke fuskarta a ɓangaren dama yake, alamar bahago ne ya doke ta. Ubanta Bob bahago ne. Shi kuwa Tom hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya kama shi. Duk da haka fararen fata goma sha biyu da aka zaunar su yanke hukunci suka ce ya aikata. Daga baya masu gadin kurkuku suka harbe shi, harsashi 17, suka ce gudu ya yi niyya.

Mugun da kowa ya sani

Bob Ewell mashayi ne, maƙaryaci, yana zaune da 'ya'yansa a bayan jujin gari. Kuɗin tallafin gwamnati a giya yake ƙarewa. Babu wanda ke ganin girmansa a Maycomb, har fararen fata 'yan'uwansa.

To a nan matsalar take. Babu mai karatun da zai dubi Ewell ya ga kansa. Irin wannan mugu daɗi yake wa mai karatu, domin kana tsine masa kana jin kai tsarkakakke ne. Amma Ewell shi kaɗai ba zai iya kashe Tom ba. Ƙarya kawai ya yi. Waɗanda suka karɓi ƙaryar suna sane, suka sa mata hatimin kotu, manoma ne masu zuwa coci ranar Lahadi, masu biyan bashi, waɗanda ba za su yarda su ci abinci a gidan Ewell ba.

Ku duba abin da ya kayar da Tom. Mai gabatar da ƙara ya tambaye shi dalilin da ya sa yake taya Mayella aikin gida ba tare da karɓar ko sisi ba. Tom ya ce tausayinta ya ji. Kotu ta yi tsit. Laifin da ba a rubuta a takardar tuhuma ba ke nan: baƙar fata ya ji tausayin farar fata, wato ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya fi ta hali. Mashayi ba ya tsara irin wannan doka. Gari ne ke tsara ta, a hankali, gida-gida.

Goggo, malama da matan shayi

Alexandra 'yar'uwar Atticus ce, ta dawo gidan don ta yi wa Scout tarbiyyar mata. Mace ce mai tsafta, mai iya girki, mai son zuri'arta. Tana da imani cewa kowane gida da jininsa: wancan gidan jinin shaye-shaye ne, wancan na caca, wancan na rowa. Kuma a wurinta, gwargwadon daɗewar zuri'a a kan fili ɗaya, gwargwadon darajarta. Duk wanda ya taɓa zama a wurin da ake binciken asalin mai neman aure ya san wannan magana, ko da bai taɓa jin sunan Alabama ba.

Wata rana Scout ta ce tana so ta gayyato ɗan ajinsu Walter Cunningham gida. Walter farar fata ne, ɗan talakawan ƙauye, waɗanda ba sa karɓar abin da ba za su iya biya ba. Goggo ta ce atafau. Ta ce ko an wanke shi fes an sa masa sababbin kaya, ba zai zama irinsu ba. Haka kuma ta hana Scout zuwa gidan Calpurnia, baƙar fatar da ta raine ta tun tana jaririya, har ta nemi Atticus ya sallame ta.

Ku gwama wannan da abin da Calpurnia ta yi tun farkon littafin. Walter ɗin nan ya taɓa cin abincin rana a gidan, ya tuttule maɗi a kan nama da ganye. Scout ta yi masa tsiya. Calpurnia ta ja ta kicin ta wanke ta tas, ta ce duk wanda ya tako gidan nan baƙo ne, ko wane ne ubansa. Mata biyu, yaro ɗaya, darasi biyu. Wadda aka ɗauka aiki ita ta koyar da mutunci, mai asali ta koyar da raini. Wannan bai shiga layi biyun da aka rubuta wa 'yar ƙanwata ba.

Sai malamar Scout, Miss Gates. Wani yaro ya kawo labarin abin da Hitler ke yi wa Yahudawa, malama ta tashi ta yi wa aji huɗuba mai kyau, ta ce Amurka ƙasar dimokuraɗiyya ce, ba a zaluntar kowa. Scout ta rikice, domin ita da kunnenta ta ji malamar nan a matakalar kotu, ranar da aka yanke wa Tom hukunci, tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙen fata hankali, sun fara wuce gona da iri. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Yarinya 'yar shekara takwas ta gano tudun, ta je ta tambayi wanta, shi kuma ya hau ta da faɗa ya ce kada ta sake yi masa maganar kotun nan. Raunin bai warke masa ba.

Wurin da ya fi ci mini rai shi ne taron shayin matan mishan a falon Alexandra. Wata Mrs Merriweather har idonta ya kawo ruwa saboda tausayin wata ƙabila a dazukan Afirka da ba ta taɓa gani ba. Ba ta ajiye kofi ba ta juya kan mai aikinta Sophy, wai tun da aka yanke hukunci take ɓata rai a kicin, kuma ba don tana tausaya mata da dala ɗaya da kwata da take biyanta a mako ba, da ta kore ta. Ana cikin haka Atticus ya shigo, ya kira Calpurnia gefe ya ce an kashe Tom, ta zo ta raka shi su faɗa wa matarsa. A falo kuwa aka ci gaba da zagaya faranti.

Zan yi wa Alexandra adalci. Labarin mutuwar Tom ya girgiza ta, ko da yake tausayin ɗan'uwanta ya fi yawa a ciki. Kuma daren da Ewell ya kai wa yaran hari, ita ce cikin ruɗewa ta miƙo wa Scout wandon nan na maza da ta shekara tana yaƙi da shi. Tana ƙaunar yarinyar da gaske. Shi ya sa nake tsoronta. Yaro yana iya toshe kunne daga maganar mashayin unguwa. Maganar goggon da ke tsefe masa kai kuwa shiga take yi ba sallama.

"Mu ina ruwanmu da rikicin Amurka?"

Wannan ita ce suka ta farko, kuma yayanmu ne ya yi ta da na kawo zancen. Ya ce, "Kai dai da neman magana. Mu nan duk baƙaƙe ne, wa zai ware wa?"

Yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ba na so a cakuɗa abubuwa. Abin da aka yi a kudancin Amurka doka ce a rubuce. Bayan ɗaruruwan shekaru na bauta, Kotun Ƙoli ta halatta raba jinsi a 1896, aka raba makarantu da motocin haya da wuraren shan ruwa. Sai 1954 kotun ta haramta raba makarantu. A 1931, a Alabama ɗin nan, aka kama samari baƙaƙe tara a jirgin ƙasa da zargin fyaɗe, shari'ar da aka sani da ta Scottsboro, aka yanke wa takwas hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki, daga baya ɗaya daga matan biyu ta janye maganarta. A 1955 aka kashe Emmett Till, ɗan shekara 14, a Mississippi, kan zargin ya yi wa farar mace rashin kunya. Aka sallami waɗanda suka kashe shi bayan shawarar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, bayan 'yan watanni suka faɗa wa wata mujalla cewa su ne. Wannan tarihin nasu ne, da nauyinsa, kuma yaro ya kamata ya san shi a matsayin nasu.

Amma na ce da Yaya, mu ajiye launin fata. A gidanmu, kwanon da ake zuba wa almajiri ɗaya ne da namu? Sau nawa aka fasa aure a danginmu saboda an gano kakan yaron mahauci ne, ko maƙeri, ko an ce asalinsu bayi ne? Wa ya koya mana waɗannan? Ba a makaranta ba, ba kuma a masallaci ba, domin liman kullum cewa yake mafificinmu shi ne wanda ya fi tsoron Allah. A ɗaki muka ji, a bakin waɗanda muka fi ƙauna, cikin murya mai laushi.

Yaya ya ce wannan daban. Na yarda daban ne wajen girma da wajen doka. Hanyar da yake bi ya shiga kan yaro ce dai iri ɗaya, kuma ita littafin ya zana.

Akwai kuma daren da gungun mutane suka zo ƙofar gidan yari don su fitar da Tom su kashe kafin shari'a. Atticus na zaune a ƙofa da fitila da jarida. Scout ta kutsa cikinsu ba ta san abin da ake ciki ba, ta hango baban Walter, ta gaishe shi da sunansa, ta ce ya gaida ɗansa, ajinsu ɗaya. Mutumin ya tsuguna, kunya ta kama shi, ya ce wa sauran su tafi. Wasu na cewa wannan almara ce, taron kisa ba ya watsewa don gaisuwar yarinya. Sau da yawa haka ne. Matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba su samu mai kiran sunan kowa ba. Mu ma a kasuwanninmu mun san abin da ke biyo bayan ihun "ɓarawo". Amma abin da wurin ya nuna gaskiya ne: taron nan maƙwabta ne, kowanne da sunansa da ɗansa a makaranta, kuma abin da ya ba su ƙarfi shi ne zaton babu mai gane su.

"Akwai zagi da maganar fyaɗe a ciki"

Akwai. Kalmar cin mutuncin baƙar fata ta fito sau da yawa, har a bakin yara. A Amurka ma an sha yin rigima a kai. A 2017 hukumar makarantun Biloxi a Mississippi ta cire shi daga darasin 'yan aji takwas saboda ƙorafin kalmomin. Ina fahimtar uwa baƙar fata a can da ba ta so ɗanta ya zauna shi kaɗai cikin fararen yara ana karanta kalmar da ƙarfi. Wannan ciwo ne na gaske. A ajin Kano ko Zariya kuwa yanayin ba haka yake ba, abin da ake bukata malami ya bayyana nauyin kalmar da dalilin da ya sa Atticus ya hana 'yarsa faɗinta.

Maganar fyaɗe kuma, babu batsa a littafin. Abin da ɗan shekara goma sha shida ke gani a wayarsa kafin ya karya kumallo ya fi haka nesa ba kusa ba.

Damuwata a nan wata ce daban, kuma ban ji masu suka suna kawo ta ba. Labari ne na macen da ta yi ƙaryar fyaɗe. A wurin da yarinya ke kai ƙara a ce ta rufa wa kanta asiri, ina tsoron saurayi ya rufe littafin yana cewa, ka gani, haka suke. Malamin da bai tsaya kan Mayella ba ya yi ɓarna. Shekararta 19, uwarta ta mutu, ƙanne bakwai a wuyanta. Da Atticus ya kira ta da lafazin girmamawa, ta zaci ba'a yake mata, domin ba a taɓa yi mata ba. Da ya tambaye ta ko tana da ƙawaye, ba ta gane tambayar ba. An doke ta da gaske, kuma littafin ya nuna a fakaice cewa abin da uban ke mata ya wuce duka. Garin ya san haka. Aka tura Tom kurkuku, aka mayar da ita gidan mutumin da ya doke ta, kowa ya tafi cin abincin dare. Ta yi zalunci, an kuma zalunce ta, kuma yaro mai shekara goma sha shida ya isa ya riƙe biyun a kansa lokaci ɗaya.

"Farar fata ce ta rubuta wa fararen fata"

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar na kayar da ita ba.

Littafi ne kan zaluncin da aka yi wa Tom Robinson, amma Tom kusan bai yi magana ba sai a akwatin shaida. Ba mu shiga zuciyarsa ba a kurkuku. Ba mu ji abin da ya faɗa wa matarsa ba. Mutuwarsa ma labarinta aka kawo a kicin. Baƙaƙen Maycomb suna zaune a saman bene a kotu, suka miƙe tsaye don girmama Atticus yana fita, washegari suka cika masa kicin da abinci. Mutum zai ce, to, su aikinsu godiya ke nan? Mace ɗaya, Lula, ita ce ta nuna fushi, ranar da Calpurnia ta kai yaran cocin baƙaƙe, ta tambayi dalilin kawo fararen yara alhali suna da nasu cocin. Nan da nan labarin ya ture ta gefe a matsayin fitinanniya. Ni kuwa ina ganin tambayarta tana kan hanya.

Hatta tsuntsun da ke sunan littafin, mai kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye, an ce kashe shi zunubi ne domin ba ya ɓarna, waƙa kawai yake yi. Kwatanta Tom da shi akwai tausayi, akwai kuma ragi. Tom magidanci ne ɗan shekara 25 mai 'ya'ya uku. Ko da mai faɗa ne, ko da mai baƙin hali ne, bai cancanci a ɗaure shi kan abin da bai yi ba.

Shi kansa Atticus ba waliyyi ba ne. Bai nemi shari'ar ba, ɗora masa aka yi, ko da yake ya yi ta da gaske, abin da garin bai yafe masa ba ke nan. Ɗan majalisar jiha ne, a jihar da dokokinta ke raba jinsi, kuma ba mu ga ya yaƙe su ba. Kullum yana neman wa maƙwabtansa uzuri. A 2015 aka fitar da Go Set a Watchman, rubutun da Lee ta fara yi kafin wannan, inda Atticus mai shekara 72 ke halartar taron masu adawa da haɗa jinsi. Amurkawa da yawa suka ji kamar an yi musu rasuwa, har da waɗanda suka sa wa 'ya'yansu sunansa. Ni ban yi mamaki sosai ba. Na san dattawa masu gaskiya, waɗanda ba za su ci kobon marayan kowa ba, za su tsaya wa bare a gaban alƙali, amma in baren ya aiko neman auren 'yarsu sai fuska ta canza. Adalci a kotu abu ɗaya ne, yarda cewa ku ɗaya ne wani abu ne.

To me ya sa har yanzu nake cewa a karanta? Domin gurbin da ke cikin littafin shi kansa darasi ne, in an nuna wa yaro. Scout ba ta san Calpurnia tana da wata rayuwa ba sai ranar cocin nan. A nan ta ji ta tana magana da wani harshe daban da na gidansu, ta ga ana rera waƙa ba littafi saboda mutum huɗu kaɗai suka iya karatu, ta ga limamin cocin ya sa an rufe ƙofa har sai an tara dala goma don matar Tom. A hanyar dawowa ta gano matar da ta koya mata rubutu ba ta ma san ranar haihuwarta ba. Idon yarinyar gidan masu hali iyakar abin da zai gani ke nan, kuma Lee ba ta ɓoye iyakar ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa wa yaro da rubutun waɗanda ke saman benen, irin su Richard Wright da Ralph Ellison, waɗanda su ma WAEC ta taɓa ɗora littattafansu.

Garin da ya haddace littafin

Ga dalilin da ya sa haddar 'yar ƙanwata ta dame ni fiye da kima.

Harper Lee 'yar Monroeville ce a Alabama, garin da ta kwaikwaya ta zana Maycomb. A can aka haife ta a 1926, a can ta rasu a 2016. Garin yana alfahari da ita. Tsohuwar kotunsu ta zama gidan tarihi, kowace shekara ana wasan kwaikwayon littafin a cikinta. In akwai mutanen da suka san Atticus gwarzo ne, Ewell mugu ne, su ne.

A 1986 aka kashe wata budurwa farar fata a wani shagon wankin kaya a garin. Aka kama wani baƙar fata, Walter McMillian, wanda aka san ya taɓa hulɗa da wata farar mace. Mutane da yawa sun ce a lokacin kisan yana gida wurin suyar kifi ta coci. Shari'ar kwana ɗaya da rabi ta ɗauka a 1988. Masu yanke hukunci suka ce ɗaurin rai da rai, alƙali ya ture ya ce kisa. Ya yi shekara shida yana jiran a kashe shi, kafin lauya Bryan Stevenson ya bankaɗo cewa babban mai shaida ƙarya ya yi. Aka sake shi a 1993.

Shekara 28 bayan fitowar littafin, kan kisan da aka yi a garin marubuciyar. Ba na zaton akwai wanda ya sa hannu a wannan shari'a da ya ɗauki kansa Bob Ewell.

Jarrabawa fa?

Ƙanwata ta ce, "Yaya, kada ka rikita mini yarinya, maki take nema." Ba na faɗa da maki. Na san malami ɗaya ne da ɗalibai fiye da tamanin, na san kuɗin littafi, na san lokacin da aka ware wa adabi a mako bai taka kara ya karya ba. Ɗan littafin taƙaitawa ba daga sama ya faɗo ba. Amma ko don makin, wanda ya san taron shayin nan zai fi wanda ya haddace layi biyu abin rubutawa.

Na ɗauko nawa kwafin, wanda bangonsa ya rabu, na kai wa yarinyar ranar Lahadi. Na ce babi biyu kullum, in ta gama mu yi hira. Kwana goma sha ɗaya sai ga kiranta da daddare, ashe ta wuce ƙa'idar da na sa mata.

Ba ta tambaye ni Atticus ba, ba ta tambayi Boo Radley ba, maƙwabcin da yaran suka ɗauka dodo ne har ya zo ya cece su. Cewa ta yi, "Kawu, matar Tom fa? Ita da yaran, ya suka ƙare?"

Na ce ta buɗe wajen babi na 27. Muka bi tare, tana karantawa ina saurare. Tsohon ubangidan Tom, Link Deas, ya ba matar Tom, Helen, aikin girki, ko da yake ba ya bukatar mai aiki. Hanyar zuwa gidansa ta gaban gidan Ewell ta bi, su kuma suna jifanta in ta zo wucewa, don haka kullum sai ta yi zagayen kusan mil guda. Da Deas ya ji, ya je ya ja wa Ewell kunne. Washegari Ewell ya bi ta a baya tun daga gida har wurin aiki, yana furta mata ƙazaman maganganu ƙasa-ƙasa. Deas ya fito ya ce zai sa a ɗaure shi, daga nan Helen ba ta sake kawo ƙara ba.

Ta yi shiru, ina jin ƙarar takarda tana juyawa gaba, tana dawowa baya.

"Shi ke nan?"

Na ce iyakar abin da aka rubuta ke nan.